Masai Mai Kallon Gabas

Mai aikin famfon ya tsuguna a tsakiyar banɗakin, ya share ɓaraguzan siminti da tafin hannu, ya ce, "Hajiya, zo ki ga wani abu kafin in ci gaba."

Na zo na tsaya bakin ƙofa, hannuna duk man gyaɗa. Dattijo ne mutumin Bunguɗu, ba ya gaggawa, ba ya kuma son a tsaya masa a ka. In ya kira ka, to akwai dalili.

Ya ɗora yatsa a kan wani zoben ƙarfe da ke bakin bututun da ya nutse cikin ƙasa. Tsatsa ta ci shi har ya koma kalar tukar goro.

"A kan wannan ake zaunar da masai na zama, a ɗaure shi da noti biyu, nan da nan. Wanda ya gina gidan nan ya kafa shi yadda duk wanda ya zauna, fuskarsa gabas. In na ɗora sabon a kansa yadda yake, alƙibla zai kalla. In kina so ya kalli kudu, sai na fasa nan, in cire zoben, in matsar da bakin bututun kamar taƙi ɗaya daga bango, in sa sabo. Aikin yini guda ne tunda ƙasa a fashe take. In aka shimfiɗa tayil kuwa, ya zama aiki."

Na ce, "Zoben ya mutu ne?"

"Bai mutu ba, zai ɗauka. Amma kin ce tsohuwa ce za ta riƙa shiga."

"Ka bar shi."

Ya ɗago ya dube ni. "Hajiya, gabas fa na ce."

"Na ji. Kunnena ƙalau."

Ƙarya nake, na hagun ba ƙalau yake ba, kuma tsohuwar da ake wa gyaran ita ta lalata shi.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Uwata ta rasu ina 'yar shekara shida, aka ɗauke ni daga Tsafe aka kai mata riƙo 'Yandoto. Na je da zane biyu da wata cuta guda: fitsarin kwance. Ban san ko da ita aka haife ni ba ko mutuwar uwata ce ta kawo ta. Gwaggo ba ta tambaya ba. Ita magani ta sani.

Da an yi la'asar, ni da ruwa sai gobe. Ta kife faifai a bakin randa ta ɗora dutse, ta rataye moɗa a inda hannuna ba ya kai. Ko da bazara, ko na yini ina surfe. Na sha lasar gefen randa inda take zufa. Ranar da hakan bai hana ba, sai ta sa a kamo kwaɗo a bakin rijiya, ta ɗaura mini shi a ƙugu da tsumma, in yini yana motsi a jikina, sanyinsa kamar hannun gawa. In wannan ma bai yi ba, sai ta naɗe tabarmar da na jiƙa ta ɗora mini a ka, ta tara yaran unguwa su bi ni da gwangwani, gida gida, har bakin kasuwa. Amalala ta riƙa kirana, har mutane suka manta sunan da ubana ya yanka mini rago a kansa.

Shekarar da mai unguwa ya aiko a rubuta yara makaranta, 'ya'yanta maza biyu suka tafi. Da aka nuna ni, Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Wagga? Ku bar ta nan, kar ta jiƙa ma gwamnati benci." Shi ke nan karatuna. Sai da na haura arba'in, da 'ya'yana da furfurata, na zauna a ajin yaƙi da jahilci a Gusau ina jan alli kamar mai jan garma, daga nan na shiga Islamiyyar matan aure. Abin da nake rubutawa yanzu da hannuna nake rubuta shi, ba wanda ya riƙe mini biro.

Kunnen kuwa, wata safiya ce ta same ni a bayan gida na tsuguna, fuskata wajen fitowar rana. Ban san komai ba, yarinya ce. Muciya ce a hannunta. Sai jin muciyar na yi a gefen kaina, sannan ta ce, "Gabas ɗin uban wa kika tsuguna ma?" Kwana uku kunnen yana ruwa. Saboda haka da mai famfo ya ce gabas, ba labari yake ba ni ba. Na fi shi sanin abin da gabas take a wurin Gwaggo.

Ba ni na je na ɗauko ta ba. Malam, maigidana, direba ne, hanyar Gusau zuwa Tsafe yake bi. A shekarun nan da gona ta gagari mutane zuwa, ƙauyuka suka fara watsewa, babban ɗanta ya rasu, ƙaramin ya yi kudu neman abinci ya daina kira. Wata rana Malam ya biya gaishe ta, ya same ta a tsakar gida tana jan gindi zuwa shadda, gwiwoyinta sun ƙage ba sa lanƙwasuwa. Ya sa ta a gaban mota da ƙullin kayanta ya kawo mini nan unguwar Damba. Bai tambaye ni ba. Ya ce, "Uwa ce." Na ce, "Uwar wa?" Ya yi kamar da kunnen hagu na yi masa magana.

Shadda ɗaya gare mu a bayan gida, ta tsugunne. Makonnin farko 'yata ce ke kai ta, ta riƙe ta ta hammata har ta gama. Yarinyar tana karatun aikin jinya a wani gari, hutu ta zo. Da hutu ya ƙare, Malam ya ce a gyara tsohon banɗakin da ke cikin ɗakin da aka sauke Gwaggo. Tun da muka sayi gidan ba mu taɓa shigarsa da buta ba, masan cikinsa a fashe yake, gawayi da buhunan masara muke zubawa. Ya ce a sa masai na zama, a sa tayil, tsohuwa ta huta.

Da yamma ya dawo, ashe mai famfo ya tare shi a ƙofar gida ya faɗa masa. Ya shigo yana cire hula ya ce, "An ce abin nan gabas zai kalla. A canza zoben mana, me ake jira?"

Nan na ɗauko karatuna. Na shiga ɗaki na fito da littafin Islamiyya, na buɗe babin tsarki, na ɗora yatsa na karanta masa a hankali, kalma kalma. Hanin a fili yake, a daji ko a gona. In cikin gini ne, da bango tsakaninka da alƙibla, malamai sun ce babu laifi. Ban ƙara ba, ban rage ba. Haka yake a rubuce, haka malamarmu ta koya mana.

Malam ya yi murmushi, irin na mutumin da matarsa ta burge shi. Ya ce, "To, karatu ya yi rana. Yadda kika gani."

Gaskiya na karanta masa. Amma na san ko malaman duniya za su taru a ɗakin nan su karanta wa Gwaggo, ba za ta zauna ba. Don haka na karanta.

Aka ɗora masan a kan tsohon zobe, aka ɗaure noti, aka shimfiɗa tayil fari mai ratsin shuɗi. Mai famfo ya kwashe kayansa, ya tsaya bakin zaure kamar zai ƙara magana, sai ya ce, "Allah ya sa a shiga lafiya," ya tafi.

Da safe na kama ta na kai ta bakin ƙofar. Ɗakin ba taga ta wannan gefen, amma Gwaggo ba ta bukatar taga. Ta dubi inda buzun sallarta yake shimfiɗe, ta dubi masan, ta sake duban buzun.

"Ɗiyar ga, wanga abu gabas shi ka kallo."

"Malamai sun ce ba laifi in cikin gini ne, Gwaggo."

"Malamanku na boko."

"Na addini. In karanto miki?"

"Riƙe karatunki. Tun ina ɗiya ban tsuguna ma alƙibla ba, ba ni farawa da ƙahwa guda cikin kushewa. Samo min fo."

Na ce, "Ban gyara banɗaki ba don in koma ɗaukar fo. Ga shi nan, fari tas. Ko matar gwamna iyakarta ke nan."

Ta dube ni ƙasa da sama. Idonta ya yi hazo amma bai mutu ba. Ta ce, "Awo."

Ta gwada zama a kaikaice. Ta gefe ɗaya bango ne, ƙafafunta da ba sa lanƙwasuwa ba su da wurin shiga. Ta ɗaya gefen ta zame a kan tayil ta bugu a ƙugu. Na ji ƙarar daga madafi, na ƙarasa juya ƙuli-ƙulin da ke cikin mai tukuna na je.

Daga ranar ta koma abin da Malam ya ɗauko ta don ya raba ta da shi. Sau ɗaya a yini, in ya fita da mota, sai ta sauko daga katifa ta ja gindi ta ratsa tsakar gida zuwa shadda, buta a gabanta tana turawa. Bazara ce, simintin tsakar gida kamar tanda. Tafiyar da nake yi da taku goma sha biyu takan ɗauke ta tsawon suyar kasko guda. Ta gabana take wucewa. Ba ta ce in taimaka ba, ban ce zan taimaka ba. In ta isa, sai ta zauna dirshan a kan bakin ramin, ƙafafu a miƙe, fuska arewa.

Da tafiyar ta yi mata yawa, sai ta rage dalilin yin ta. Tuwo loma biyu ta ture kwano. Kofin ruwan da na ajiye mata da la'asar, da safe in same shi yadda na bar shi, ƙuda ya faɗa ciki. Bayan kwana kaɗan ta mayar da abin tun daga azahar. Ba wanda ya kife mata faifai, ba wanda ya ɗora dutse. Ita ta hana kanta, da dokar da ta kafa mini, sa'a ɗaya ba ta kuskure ba. Na gane abin tun ranar farko. Zan faɗa yadda yake, don ban koyi rubutu ba domin in yi wa kaina kwalliya: daɗi na ji. Ina wanke kofin ina jin sanyi a ƙirjina kamar na sha ruwan randa.

Malam ya ce, "Inna ta rame." Na ce zafi ne, tsofaffi ba sa son bazara. Ya sayo mata kankana. Ta gode masa, ta sa masa albarka, da ya ba da baya ta bar ta ta yi tsami a faranti. Ba ta taɓa kai ƙarata wurinsa ba. Gwaggo ba ta kai ƙara, ita ake kai wa.

Wata safiya na shiga da koko, wari ya tare ni a bakin ƙofa. Warin da na fi sani a duniya. Tana kwance ta juya fuska bango, ta ja zane ta rufe har wuya, katifar ta yi duhu a ƙarƙashinta.

Na ajiye kokon. Na mirgina ta kan tabarma, na ja katifar na fitar. Akwai igiyar shanya a bayan gida inda ba mai gani. Ban kai ta can ba. Na jingina ta a bangon da ke kallon zaure, daidai inda mata ke tsayawa in sun zo sayen mai da ƙuli, na shanya zanen a kanta.

Hantsi ya yi, mata uku suka shigo da kwalabensu. Ɗaya maƙwabciyata ce, mai baki. Ta toshe hanci ta ce, "Hajiya, jika aka kawo miki ne? Wannan ai ya yi ambaliya."

Na ɗaga murya yadda za ta shiga ɗaki. "Wane jika? Amalala muka samu, babba, mai furfura. Ku samo mana gwangwani."

Suka kwashe da dariya, sai dariyar ta tsinke a tsakiya da suka gane wa nake nufi. Maƙwabciyar ta sunkuyar da kai tana neman murfin kwalbarta. Sai muryar Gwaggo ta fito daga ɗaki, a bushe, amma kowace kalma a tsaye:

"Kin mance kwaɗo."

Shekara hamsin ina jiran ranar nan. Na ɗauka in ta zo zan ga tsohuwar nan ta yi kuka, ko ta ce ɗiyata ki yi haƙuri. Ashe tana sane da komai, ɗaya bayan ɗaya, har tana gyara mini aiki.

Daga ranar ko kurɓa ba ta ƙara yi ba, sai abin da ya taɓa leɓenta wurin alwala. Na kai kofi bakinta ta datse haƙora. Na ce, "Sha mana." Ta ce, "Shanya katiharki ta bushe tukuna." Kwana na uku harshenta ya yi fari ya tsage. Na huɗu ta fara kirana da sunan uwata, tana tambaya ko an ɗaure awaki. Malam ya fasa lodi ya kai ta asibiti.

Ma'aikaciyar jinyar ta tsunkuli fatar hannunta ta saki, fatar ta tsaya a tsunkule ba ta koma ba. Ta dube ni ta ce, "Mama, ba ku ba ta ruwa ne a gida?" Na ce ita ke ƙi. Ta ce, "Haka kawai?" Na ce tsufa. Aka rataya mata ruwa leda bayan leda. Likita ya ce ƙoda ta taɓu.

'Yata ta zo washegari. Daga asibiti ta wuce gida ɗauko zannuwa, ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo ta same ni a baranda, ta zauna nesa da ni kaɗan.

"Inna, na shiga banɗakin."

"To."

"Ke kika hana mu tsuguna muna kallon gabas tun muna yara. Har duka kin yi mini a kai."

"Malamai sun ce..."

"Na san abin da suka ce. Maƙwabciya ma ta faɗa mini abin da kika ce."

Ta tashi ta koma wurin Gwaggo. Ba ta ɗaga mini murya ba. Da ta ɗaga da na san abin da zan yi da ita.

Ni na kira mai famfo. Ya zo ya tsaya a kan tayil ɗin da ya shimfiɗa da hannunsa wata ɗaya da ya wuce, ya dube shi, ya ɗaga guduma. Bai tambaye ni me ya faru ba, unguwa ta riga ta faɗa masa. Ya kwance notin, ya ɗauke masan, ya fasa ƙasa, ya ciro tsohon zoben ya jefar a tsakar gida, ya yi ƙara kamar faifan ƙarfe. Abin da ya ce kawai, yana goge gumi, shi ne, "Da yini guda ne, Hajiya." Wannan karon kwana uku ya ɗauka. Tayil mai ratsin shuɗi ya ƙare a kasuwa, sai mai launin ruwan ƙasa ya samo ya cike gurbin. Masan ya juya ya kalli kudu.

Gwaggo ta dawo gida da robar fitsari a jikinta da jaka rataye a gefen gado. Ko zama ba ta iya yi sai an tokare ta da filo. Na ce mata, "An juya shi, Gwaggo. Kudu yake kallo yanzu."

Ta ce, "Ki zauna ke."

Ba ta taɓa hawansa ba, ko sau ɗaya. Ta yi wata uku a kwance. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke zubar da jakar, ni ke ɗaukar fon da na ce ba zan ɗauka ba, safe da yamma. Ban yi mata mugunta a wannan ba, na yi aikin tsaf, yadda ta koya mini yin kowane aiki.

Da jikin ya yi nauyi, cikin damina, matan unguwa suka ce in je mu nemi gafarar juna tun tana gane mutane. Na shiga na zauna bakin katifa. Na ce, "Gwaggo, mu yafi juna."

Ta buɗe ido da ƙyar. "Mi na yi miki?"

Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa:

"Ban raba ki da hitsarin kwance ba? Da wa za ya ɗauke ki da shi?"

Na dubi jakar da ke rataye a gefen gado, na ce, "Ni ma ai na raba ki da shi."

Wani abu ya motsa a bakinta, ban san ko dariya ba ce. Ta ce, "Ba ni ruwa." Na ɗebo da cokali na ɗiga mata, ta haɗiye, ta ce in ƙara. La'asar ta wuce a lokacin. Na ƙara mata har sau bakwai. Wannan ita ce yafiyar da aka yi, in yafiya ce. Bayan kwana biyu ta cika.

Ɗakin yanzu na baƙi ne. Duk wanda ya shiga banɗakin sai ya tambaya me ya sa tayil ɗin kala biyu, in ce bututu ne ya ba da matsala. Malam har yau yana faɗa wa abokansa a tasha yadda matarsa ta yi jinyar gwaggonta wata uku ba ta gaji ba.

'Yata ta gama karatu, tana aiki a nan Gusau. Tana zuwa duk Juma'a, ta gaishe ni a durƙushe, ta kawo mini magani. Bara gwiwata ta hagu ta fara ƙara in na tashi daga sallah, bana ta dama ta bi ta. Rannan ta gan ni na dafa bango zan miƙe daga shadda, buta a hannuna. Ta tsaya daga nesa tana kallo har na miƙe da kaina. Sannan ta zo ta karɓi butar ta ce, "Kada ki damu, Inna. In ƙafar ta ƙi gaba ɗaya, ni zan riƙe ki."

Ta gefen hagu ta tsaya da ta faɗa, ban ji muryar da kyau ba. Ban ce ta maimaita ba.